Mutumin da Mahaifiyata Ke Kai wa Abinci

Shekarun baya, lokacin da nake gyaran rediyo da sifika a kasuwar Alaba, akwai wani abu a gidanmu na Agege da ya daɗe yana hana ni sakat. Yau da abin ya wuce, kuma iyayena sun ce ba su damu a ji ba, bari in ba ku labarin yadda ya faru.

A bakin layin dogo, bayan masu tumatir da tattasai, akwai wani mutum mai taɓin hankali. Tun ina yaro nake ganinsa a wurin. Ya haɗa 'yar rumfa da tsohon kwanon rufi da buhuna, wadda ba ta da ƙofa. Ba ya jifa, ba ya zagi, ba ya roƙon kowa. Aikinsa kawai ya tara ganye da igiya, ya yi ƙunshi, ya ɗaure shi tamau, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Haka zai wuni.

Mahaifiyata ce ke kai masa abinci, kullum, da ƙafarta. Ba ta taɓa aiken ni ko ƙannena mata ba. Kuma ba kanzo ko sauran tukunya take kai masa ba. Nasa take fara zubawa kafin na mahaifina, a kwano mai murfi, ta zaɓi tsoka ta ɗora. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda take bayarwa. Sai ta ajiye kwanon daga nesa, fuska a murtuke, ba sallama ba gaisuwa, ta juya baya ta jira ya gama, ta ɗauki kayanta ta dawo. Kamar mai ciyar da wanda take jin haushinsa.

Mahaifina kuwa, ɗan kasuwar goro ne, mutum mai sanyi, ba ya son hayaniya. Hanyar masallacinmu ta bakin layin ta fi kusa, amma shi sai ya zagaya ta bayan makaranta, ko ana ruwa. Ban taɓa jin ya ambaci mutumin nan ba, ko da wasa.

Ina da wani abokina direban danfo, wato bas ɗin haya, haifaffen Legas ne shi ma, kakan kakansa soja ne tun zamanin Turawa. Yarbancinsa ya fi Hausarsa gudu. Wata rana mun tsaya a mararrabar jirgi muna jira a buɗe hanya, sai ya zungure ni.

"Oga, ka taɓa duba fuskar mutumin can da kyau?"

Na ce, "Me zan duba?"

"Wushiryarku iri ɗaya ce wallahi. Ga tsawo, ga kunnuwan. Ni dai ban ce komai ba fa."

Ya yi dariyarsa ya manta. Ni kuwa ya jefa ni cikin wani hali. Mahaifina gajere ne, kakkaura, haƙoransa a jere ba ko tsaga. Na koma shago na ɗauki madubin da muke leƙa bayan talabijin da shi, na yi ta yashe baki ina kallon haƙorana kamar wanda ya samu matsala. Kafin mako ya zagayo na gama tsara labari a kaina: mutumin nan mijin Mama ne na fari, shi ne ubana na gaskiya, an ɓoye mini. Har tausayin kaina na fara ji. A cikin wannan tunani na haɗa waya a baibai na ƙona wa wani mai coci babbar sifika, ogana Inyamuri ya wuni yana tambayata ko aljanu ne suka shige ni.

Na taɓa gwada tambayar Mama. Tana tsinke alayyafo na ce, "Mama, wai mutumin bakin layin nan, ɗan ina ne?"

Ba ta ko ɗago ba. "Aikin Alaban ne ya ƙare maka?"

"A'a, na ga dai kullum..."

"Sadaka ce. Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. Amma tun daga ranar, duk lokacin da na wuce ta wurin sai in rage tafiya, ina satar kallonsa, shi kuma yana ta ɗaure ganyensa bai san ina yi ba.

Ana nan, cikin wata damina, ma'aikata suka zo da katafila da sassafe suka share duk rumfunan bakin layin dogo. Ni ina shago a Alaba ban sani ba. Wajen azahar wayata ta yi ƙara, na ga Mama ce. Ita da ba ta kira na sai da dalili mai ƙarfi.

"Kana ina? Ka taho yanzu. Ba ya nan."

"Wa?"

"Ba ya nan, na ce maka! An rushe wurin. Na duba ko'ina."

Na bar aiki na kamo hanya. Na dawo na tarar da ita a tsakar gida a tsaye, da mayafi a karkace, kwanon abincin yana hannunta ba ta ma ajiye ba. Masu tumatir sun ce sun gan shi a tsaye yana kallon katafila, daga nan ba wanda ya san inda ya yi. Wasu suka ce an kwashe masu taɓin hankali a mota. Wasu suka ce ƙarya ne.

Abokina ya ajiye aikinsa, ya sallami kwandastansa, muka ɗauki Mama a danfo muka shiga gari. Kwana da kwanaki muna yawo. Mun leƙa ƙarƙashin gadoji, mun je tashoshin mota, mun je wajen 'yan ga-ruwa da 'yan gyaran takalma, domin su ne ke shiga kowane lungu. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a kasuwar Jankara, muka tsallaka har can, ashe wani tsoho ne daban. Mama ba ta ci, ba ta zama. Ko a gosulo, wato cunkoson motoci, muka tsaya sai ta leƙa ta taga tana bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ina gefenta, na kasa yi mata tambayar da ke raina.

A wani asibiti ne abin ya fito, ba tare da na tambaya ba. Mun je duba ko an kawo shi, a raye ko akasin haka. Matar da ke kan tebur Bayarabiya ce, abokina ke yi mana tafinta. Ta saurari kwatancen, sannan ta yi wata tambaya. Abokina ya juyo.

"Mama, wai ta ce mene ne shi a wurinki? Ba sa buɗe wa kowa sai dangi."

Mama ta gyara mayafinta. Sannan ta ce, "Ka ce mata yayana ne. Uwa ɗaya, uba ɗaya."

Abokina ya tsaya baki buɗe, sai da matar ta buga tebur kafin ya fassara. Ni kuwa na jingina da bango. Ashe kawuna ne. Duk shekarun nan ina wuce kawuna a bakin hanya, yara na tsokanarsa, ni ko sannu ban taɓa ce masa ba.

Ba ya asibitin. Da muka koma mota, Mama ta ba mu labari, idonta a kan titi. Iyayensu sun rasu a ƙauye can Arewa, shi ya ɗauko ta tana 'yar budurwa ya kawo ta Legas, ya ajiye ta wajen matar maigidansa. Shi maɗaurin goro ne a tashar jirgin ƙasa ta Iddo, yana ɗaure huhu, wato manyan ƙunshin goron da ake lulluɓewa da ganye a loda a jirgi zuwa Arewa. Mahaifina ma yaron maigidan ne a lokacin, abokai ne su biyun. Wata rana huhu guda ya ɓace. Aka ce kawuna ne. Kafin maigida ya yi magana wani ya kwarma "Ole!", ɓarawo ke nan da Yarbanci, 'yan tasha suka rufar masa. Da ƙyar aka ƙwace shi, kansa a fashe. Ya tashi, amma hankalinsa bai dawo ba. An kai shi gida don magani, ya gudo ya dawo a bayan motar shanu, ya zo ya zauna a bakin layi kusa da inda aka yi mata aure.

"Ba ya yarda ya shiga ɗakin da ke da ƙofa," in ji ta. "Na yi, na yi, na gaji."

Na ce, "Amma Mama, me ya sa ba ki gaya mana ba?"

"In ce muku me? Kawunku ɓarawo ne, kuma mahaukaci? Wa zai auri ƙannenka? Ni ya ja wa abin kunya. Babanku ne kaɗai ya rufa mini asiri ya aure ni a lokacin da kowa ke nuna ni da baki." Ta share ido da gefen mayafi. "Abinci dai ba zan hana shi ba, jinina ne. Amma ban taɓa yafe masa ba."

A duk kwanakin nan mahaifina bai bi mu ko sau ɗaya ba. Amma bai je kasuwa ba shi ma. Kullum muka dawo sai mu same shi a baranda yana kai da kawo, carbi a hannu, abincinsa a rufe yadda aka ajiye. Ya dube mu, mu girgiza kai, ya ci gaba da tafiyarsa. Har ran nan da muka dawo hannu rabbana kamar kullum, sai ya tare mu a ƙofa.

"Gobe da ni za a fita. Iddo za mu."

Mama ta ce, "Malam, me zai kai shi Iddo, inda aka kusa kashe shi?"

"Layin da yake zaune a bakinsa, can ya ƙare. In ya bi shi da ƙafa, can zai kai shi."

Washegari muka kama hanya. Baba a gaba kusa da abokina, ni da Mama a baya. Wajen Ebute Metta muka faɗa wani mugun gosulo, rana ta take, mota ta yi zafi kamar tanda. Masu tallan ruwa da biredi suna ta buga mana gilashi. Na lura Baba yana ta murza hularsa a cinya. Can sai ya miƙa hannu ya kashe rediyon motar da kansa.

Bai juyo ba. Gilashin gaba yake kallo ya ce, "Bai saci komai ba."

Ya ci gaba da magana.

"Ni ke sa wa huhu alama da tawada kafin a loda. Ran nan na sa wa guda ɗaya alamar wani attajirin Nguru bisa kuskure, aka loda shi a taragonsu. Ban sani ba a lokacin. Da maigida ya ƙirga ya ga babu, ya taso mini, sai tsoro ya kama ni. Na ce a wajen yayanki na gan shi na ƙarshe. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban zaci za a taɓa shi ba."

Mama ta ce, a hankali, "Ba ka sani ba a lokacin."

"Bayan wata biyu ko uku yaron attajirin ya dawo, ya ja ni gefe ya ce huhu ya yi musu yawa da guda, ko namu ne. Na roƙe shi ya yi shiru. Na ce zan faɗa da kaina in hankali ya kwanta. Sai aka sa ranar aurenmu, na ce bayan biki. Sai kika samu ciki, na ce bayan kin haihu." Ya sake murza hular. "Kullum gobe. Har maigida ya rasu yana ganin ɓarawo ya riƙa."

Abokina ya ƙanƙame sitiyari kamar zai karya shi. Ni ban san inda zan sa idona ba. Mama ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ja ƙofar danfon nan mai nauyi da hannu ɗaya, ta sauka a tsakiyar titi, ta fara tafiya tsakanin motoci. Na diro na bi ta. 'Yan okada, masu haya da babur, suna ta mana ihu. Na ce, "Mama, ki tsaya mu hau wata motar." Ko waiwaye ba ta yi ba. Da ƙafa ta ƙarasa Iddo, ina biye da ita ina haki, ita da ƙafarta ke ciwo, ba ta iya tafiya mai nisa sai an ɗauke ta.

A bayan wani tsohon sito muka same shi, kusa da inda 'yan dako ke hutawa. Sun ce kwanaki ke nan da ya ɓullo ta kan layi, suna ba shi biredi da shayi. Ƙafafunsa sun kumbura, sun tsattsage. Yana zaune a kan wani dutse, ya tattara ledoji yana ɗaurewa, tunda babu ganye a wurin.

Mama ta je har gabansa, ta durƙusa a cikin caɓin nan da zaninta mai kyau. Ta ce, "Yaya."

Ya ɗago ya dube ta. Ya ce, "Kin yi latti yau."

A nan ne ta fashe da kuka. Ta riƙe ƙafafunsa tana kuka, 'yan dako suka taru suna kallo, wasu suka kawar da kai.

Sai can Baba da abokina suka iso. Baba ya tsaya daga nesa, na zaci zai juya. Amma ya matso, ya cire hularsa, ya tsuguna.

"An ga huhun," ya ce. "A Nguru yake. Ni na sa masa alamar da ba tasa ba. Ni na yi maka ƙarya."

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Ban san ko ya gane shi ba, ban san me ya shiga kansa, me bai shiga ba. Sannan ya mayar da ido kan ledarsa, ya ja igiya ya ƙulle, ya ce, "Ai na faɗa muku."

Shi ke nan abin da ya ce. Bai ƙara ba, ran nan ko bayansa.

Mun kawo shi gida. Ya toge a bakin zaure ya ƙi shiga. Baba ya ɗauko guduma ya ɓalle ƙofar ɗakinsa na waje, inda yake karɓar baƙi, ya jingine ta a bayan gida, ya kwashe kayansa. Sai da kawu ya ga ba abin da za a rufe sannan ya shiga. Baba ne ke yi masa wanka, shi ke wanke masa ciwon ƙafa, shi ke riƙe masa kai in wanzami ya zo.

Ranar wata Juma'a kuma, bayan an idar da salla a masallacin 'yan goro, ya miƙe ya faɗi komai a gaban jama'a. Abin da ya ba ni tausayi, yawancin mutanen ba su ma san zancen ba. Waɗanda suka sani sun mutu ko sun koma Arewa. Samari suna ta duban juna, suna so su tafi kasuwa. Wani tsoho ɗaya ne ya sunkuyar da kai yana hawaye, daga baya na ji yana cikin waɗanda suka kai hannu ran nan.

Mama ta daɗe ba ta yi wa Baba magana ba. Gida ɗaya, amma ni ne ɗan aike. "Ka ce wa babanka abinci na nan." "Ka ce wa mamanka na gode." Ba ta tafi ba, ba ta nemi takardar saki ba, amma gidan ya zama wani iri, kowa na tafiya a hankali kamar akwai mai jinya a kowane ɗaki. Da yamma takan ɗauki kujera ta zauna a bakin ɗakin kawu tana ba shi labarin ƙauyensu, da rijiyar bayan gidansu, da wata akuya da suka taɓa kiwo. Wani lokaci ya yi murmushi, wani lokaci kamar ba da shi take ba.

Damina biyu ya yi tare da mu, sannan ya rasu, cikin sauƙi, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya. Bayan an share makoki na samu Mama ita kaɗai, na tambaye ta ko ta yafe wa Baba.

Ta ce, "Tsakaninsa da Allah ne, da wanda ya tafi. Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Nono ɗaya muka sha da shi. Kullum ina tsaye a kansa da kwano, ban taɓa buɗe baki na ce, Yaya, da gaske kai ka ɗauka? Aka faɗa mini, na yarda."

Daga baya sun koma magana, kaɗan-kaɗan, sai dai ba irin ta da ba.

Mutane kan tambaye ni me na koya, sai in rasa amsa mai kyau. Na dai san in ina shago na ji an kwarma ihun ɓarawo a cikin kasuwa, ba na iya zama. Sai in yar da abin da ke hannuna in ruga in kutsa tsakiya ina cewa a tsaya a tambaya tukuna. Na sha mari a kan haka, an taɓa yaga mini riga, abokina yana cewa wata rana ni za a haɗa da ɓarawon a daka. Wataƙila gaskiyarsa ne.

Abin da ya fi mini wuya shi ne mahaifina. Mutumin nan bai taɓa dukana ba, bai taɓa barinmu da yunwa ba, shi ya koya mini salla. Kuma shi ne ya bar abokinsa a bakin layi tsawon rayuwata, yana zagayawa ta bayan makaranta don kada su haɗa ido. Na kasa haɗa mutanen nan biyu su zama ɗaya a raina, kuma na kasa raba su.

Yanzu ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Yakan ce in kai shi maƙabarta, in kai shi har bakin kabarin kawu, in zaunar da shi. Yakan daɗe. Ban san me yake faɗa ba, domin ban taɓa iya tsayawa kusa ba. Sai in fito bakin ƙofa in yi ta kai da kawo, in je in dawo, har in ji ya kira ni in zo in kama masa hannu.